Tambaya da amsa: ga ciyawa tari guda amma dabbobi na ramewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon tumaki da shanu biyu a wajen Malumfashi, kuma akwai filin da ban noma ba bana, ciyawa kala-kala ta fito. Yaya zan gane wadda ke gina dabba? Don duk rani ramewa suke alhali ina tara musu ciyawa sosai.

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh ɗan'uwa, abin da ke filinka gida biyu ne, akwai ciyawa zalla akwai kuma dangin wake, in ka iya raba su ka gama rabin aikin. Ciyawa zalla ganyenta dogo ne siriri, karanta na da gaɓa-gaɓa, irin su gamba, kyasuwa, harkiya, burburwa da ƙarangiya. Gamba ka santa, wadda ake zana da ita, tana tashi a dunƙule ta wuce tsayin mutum, tsakiyar ganyen da farin layi, kuma ba ta mutuwa da rani, ruwan farko ita ke riga kowa tohowa, don haka kar ka tuge ta. Kyasuwa kuwa ta shekara ɗaya ce, kanta mai laushi ja-ja. Tofa dai in ta girma kaifi gare ta, dabba ba ta ƙaruwa da ita, in ta yi yawa ma alamar ƙasa ta gaji ce.

Dangin wake su ne nake so ka buɗe ido a kansu don su ke ɗauke da furotin, wato sinadarin da ke gina jiki. Ganyensu faffaɗa ne ko ƙanana, suna fure kamar na wake suna yin kwanso. Yawanci ganye uku-uku ne amma ba duka ba, gadagi da masu doki ke nema ruwa a jallo ganye ɗai-ɗai gare shi yana yaɗo a ƙasa, sabulun kuyangi kuma biyu-biyu. In kana shakka tona saiwar a hankali da ƙasarta, ka wanke, za ka ga 'yan ƙulu-ƙulu manne da ita, ka fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne to yana aiki, yana jawo sinadarin nan da muke saye a buhun yuriya daga iska yana ba shukar. Tafasa ita ma kwanso take yi amma ba ta da wannan ƙulu-ƙulun kuma dabba ba ta cin ta ɗanya, in ta cika fili rage ta.

Yanzu maganar ramar. Gaskiya ina zargin lokacin yankanka ne, yawancinmu sai an gama girbi a Nuwamba ake waiwayar ciyawa, lokacin ta riga ta zubar da iri ta zama kara, furotin ɗinta ya faɗi ƙasa da kashi 4 cikin 100, alhali tumbin dabba na buƙatar wajen kashi 7 kafin ma ya iya narkar da abin da ta ci da kyau, shi ya sa za ka ga ciki tirtsitsi amma haƙarƙari a waje. Ka yanka gamba da kyasuwa daidai lokacin da suka fara fidda kai, wajen Satumba, ka bar wa gamba kamar tsawon taƙin hannu ɗaya daga ƙasa, ka shanya kwana biyu zuwa uku kana juyawa, ka kwashe tana da sauran kore ka sa a rumfa. Ɗora ta kan soro rana na dukanta har bazara asara ce wallahi, musamman harawa, ganyen da ke da amfanin shi ke kakkaɓewa.

Harawar wake da ta gyaɗa furotin ɗinsu ya haura kashi 10, don haka kar ka ba su ita kaɗai ta ƙare a Janairu, ka riƙa haɗa kashi ɗaya na harawa da biyu na ciyawa, ga 'ya'yan gawo in kana samu. In za ka shuka kuwa, lablab, wani dangin wake da ake shukawa don dabbobi, na jure fari yana daɗewa kore bayan ɗaukewar ruwa. Akwai kuma sitailo, shi ma dangin wake ne, shi aka yi amfani da shi a shekarun 1980 a yankin Kachia, ana killace wajen hekta 4 a riƙa shigar da shanu awa biyu zuwa uku a rana da rani, sai dai irinsa na da tauri, sai an jiƙa a ruwan zafi kafin shuka. Ka tuntuɓi cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya kan iri, ba ta da nisa da ku.

Abu biyu ka kiyaye. Sabulun kuyangi ɗanye a farkon damina na kawo kumburin ciki in dabba ta afka masa da yunwa, ka fara ba su busasshen abinci kafin su fita. Gyauron dawa kuma, wanda ya sake tohowa bayan yanka, akwai guba a jikinsa mai kashewa cikin ɗan lokaci, kar ka bari su kusance shi yana ƙarami.