Ina Son Kallon Labarin Masu Kashe Mutane: Akwai Matsala a Tattare da Ni?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ina karatun shari'a. Tun da na kalli shirin Jeffrey Dahmer a Netflix na kasa daina bin labarin mutanen nan masu kashe jama'a ɗaya bayan ɗaya. Duk datata a nan take ƙarewa. 'Yan ɗakinmu sun fara tsokanata wai ni ma da sauƙi-sauƙi, Inna kuma ta ce idan na zo hutu za a yi mini ruƙiya. Akwai abin da ke damuna ne? Su kuma waɗannan mutanen, mahaukata ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, abin da kika bayyana ba ciwo ba ne. Ki tsaya Kwangila ranar da mota ta yi hatsari ki ga yadda ake cincirindo. Wata za ta rufe fuska da mayafi tana salati, amma tana leƙe ta gefe. Haka aka halicci ɗan Adam: yana gudun abin da zai halaka shi, yana kuma son ya ƙare masa kallo daga inda ba zai taɓa shi ba. Waya ta ba ki wannan tazarar. Gabanki na faɗuwa, amma kina kan katifarki, ƙofa a kulle.

Kuma ba ke kaɗai ba ce. A 2010 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Illinois ta Amurka, Amanda Vicary da Chris Fraley, sun gano mata sun fi maza son littattafan irin wannan kisa, kuma sun fi ɗaukar wanda ya bayyana dabarar da wata ta yi ta kuɓuta, ko abin da ya ingiza makashin. Wato mai kallon darasi take ɗauka ba tare da ta sani ba: ta ina ya ɓullo mata, me ya ce har ta yarda, a ina ya kamata ta juya.

Tambayarki ta biyu ta fi ɗaukar hankalina, don a nan jama'a da fina-finai suka fi yin kuskure. Mafi yawansu ba mahaukata ba ne. Mai taɓin hankali irin wanda ake kawo mana yana jin muryoyin da babu su, ko ya gaskata ana binsa za a kashe shi; tunaninsa a warwatse yake, wani wanka ma ya gagare shi. Ki gwada shi da Ted Bundy, wani makashi ɗan Amurka. Ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington, har ya taɓa aiki a ofishin da masu niyyar kashe kansu ke bugo waya a lallashe su. Ranar 14 ga Yulin 1974 ya je bakin tafkin Sammamish cikin fararen kaya, ya rataye hannu a wuya kamar mai karaya, yana bin 'yan mata da ladabi yana roƙon su taya shi ɗaukar ƙaramin jirgin ruwansa. Biyu suka ɓace a yinin nan, da rana tsaka, cikin dubban mutane. Kafin a zartar masa da hukuncin kisa a 1989 ya amsa kashe mata 30. Mutumin da ya san ya nemo bandeji, ya zaɓi wuri, ya ɓoye gawa, ya san abin da yake yi, ya kuma san laifi ne. Ke da kike karatun Penal Code, wato dokar hukunta laifuka, kin san a kan wannan gaɓar ake yanke maganar hankali a kotu. Dahmer ɗin da kika kalla, wanda ya kashe maza 17, lauyoyinsa sun kawo hujjar hauka a 1992, masu taya alƙali yanke hukunci suka ce da hankalinsa.

Abin da ya lalace a yawancinsu tausayi ne da nadama. Wani masani ɗan Kanada, Robert Hare, ya tsara ma'auni mai abubuwa 20 da ake auna irin wannan hali da shi, maki daga 0 zuwa 40. A ciki akwai daɗin baki, ƙarya ba ƙyaftawa, ganin kai ya fi kowa, ɗora wa wasu laifi, da rashin jin zafin wani ko kaɗan. Sai dai ki lura, akasarin masu yawan maki ba su taɓa kashe kowa ba. Damfara da cin amana suka fi yi. Haka duka da wulaƙanci a ƙuruciya, ko buguwa a kai, ana samunsu a tarihin makasa da yawa, amma miliyoyin mutane sun sha irin wannan azabar sun tashi ko kaza ba sa iya yankawa. Duk wanda ya ce miki ga dalili guda ɗaya, ya faɗi abin da bincike bai tabbatar ba.

Ƙarya ta biyu da fim ke sayarwa ita ce wai hazikai ne da suka fi 'yan sanda basira. Abin da ya fi ɓoye su shi ne irin mutanen da suke zaɓa. Samuel Little ya amsa kashe mutum 93 a Amurka tsakanin 1970 da 2005, yawanci mata talakawa, masu zaman kansu ko masu shaye-shaye, kuma da yawa an rubuta mutuwarsu a matsayin hatsari ko yawan ƙwaya, aka rufe fayil. Harold Shipman likita ne a garin Hyde na Ingila, yana bin tsofaffi gida yana yi musu allurar diamorphine, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, fiye da ƙima. Kotu ta kama shi da kisa 15 a shekarar 2000, kwamitin bincike ya tabbatar da sama da 200. Tsohuwa ta rasu bayan likita ya duba ta, wa zai yi tambaya? Wasiyyar jabu da ya haɗa don cin gadon wata ce ta tona shi. A nan gida, Gracious David-West ya riƙa shaƙe mata a otal-otal na Fatakwal a 2019, sai da mata suka fito zanga-zanga kafin a kama shi, aka yanke masa hukuncin kisa a 2020. Idan sha'awar nan za ta amfane ki a aikin lauya, to ki juya ta wannan ɓangaren: idan almajiri ya ɓace a Tudun Wada, ko 'yar talla a Sabon Gari, kwana nawa ake yi kafin a kai rahoto, wa kuma ke bin sawu?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan ruɗanin. Duk lokacin da aka ce makashi mahaukaci ne, wani uba a cikin Birni zai ƙara ɓoye ɗansa mai jin muryoyi a ɗakin baya, don kada a daina neman auren ƙannensa. Sai ciwo ya yi shekaru kafin a kawo shi asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, alhali da magani da yawansu suna komawa makaranta da kasuwa. Kuma irin waɗannan marasa lafiya sun fi zama waɗanda ake cuta a kan su cuci wani.

Akwai dai inda zan ce ki taka birki. Idan barci ya fara gagararki, kina tashi duba sakata sau da yawa, ko kin daina shiga Keke Napep don kowane direba ya zama abin zargi, to kallon ya fara cin ki. Haka idan kika ji makashin ya fara burge ki kin manta da waɗanda ya kashe. Bundy yana gaban shari'a mata na cika kotu don su gan shi, har ya ɗaura aure da wata tsohuwar abokiyar aikinsa a cikin kotun a 1980. Wanda kuma yake jin daɗin ganin ana shan azaba, ko yake azabtar da dabbobi, ko tunanin cutar da wani yake yawan zo masa yana jin daɗinsa, wannan maganarsa daban ce, ya zo a gan shi ba jinkiri. Ban ga ko ɗaya cikin waɗannan a wasiƙarki ba.

Ki daina kallo bayan Isha'i, ki fifita rahoton shari'a da na bincike a kan shirin da aka ƙawata da kiɗa, kuma bidiyon gawa da ake turawa a WhatsApp kada ki buɗe, kada ki tura. 'Ya'yan wasu ne. Inna kuwa ki gaishe ta, ki ce mata addu'a ba ta yi wa kowa yawa, ta ci gaba da yi miki. Idan kika rage kallon amma aka yi mako biyu barci bai dawo ba, ki fara da asibitin makaranta, su za su tura ki sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa a Shika idan da buƙata.