Amsar Tambayar Kawu Daga Zangon Kumasi

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaishe ku da fatan kun isa Kano lafiya, gajiyar hanya ta bi lafiya. Tambayar da kuka yi mini a ƙofar aji ranar da kuka leƙo makarantarmu ta tsaya mini a rai. Kun ga na rufe littafi saura shafi biyu a gama, yara suna ta hayaniya kowa na faɗin nasa, kuka ce: "Ke kuwa, wannan karatu ne ko wasa?" A lokacin kunya ta hana ni ja da ku a gaban mutane, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Ku fara duba halin da ɗan Zango yake tashi a ciki. A gida Hausa yake ji, irin wadda kakanninmu 'yan fataucin goro suka bar mana. Da ya fita titi a Aboabo ko Asawase sai Twi, yaren Asante, waɗanda tsofaffinmu ke kira Tonawa. A boko Turanci, a makarantar allo Larabci. Gwamnatin Gana tana da harsunan gida 11 da ta amince a koyar da su, irin su Twi da Ewe da Ga da Dagbani, amma babu Hausa a ciki. Yaro ɗan shekara shida zai zo aji ɗaya da baki cike da magana, a miƙa masa littafin da ba a rubuta da harshen uwarsa ba, sai ya yi tsit. Wanda bai san shi ba ya ce daƙiƙi ne. Ni kuwa na san shi, jiya na ji shi yana yi wa mai waken unguwa ciniki kamar babba.

Hoto shi ne abu ɗaya a littafin nan da ba shi da yare. Akuya akuya ce, ko da Twi ko da Hausa. Saboda haka nakan sa takarda in rufe rubutun, in ɗaga hoton kawai in ce, me kuka gani? Wani ya ce yarinya tana gudu. Sai in ce, me ya sa ka ce gudu take yi? Nan aikin yake, Kawu. Dole ya koma ya duba: ɗankwalinta ya tashi sama, takalmi ɗaya ya fita, kaji sun watse. Ya kawo hujja daga abin da ke gabansa. Wata kuma ta ce ba tsoro ne ya kore ta ba, murna ce, ga bakinta a buɗe tana dariya. Su biyun duk suna da abin kamawa, ni kuma ba na yanke musu hukunci da wuri. Sai sun gaji da musu nake cire takardar mu karanta Turancin tare, kuma a lokacin kalmomin suna shiga, don sun riga sun san abin da suke nema.

Rufe littafin da kuka gani na yi, da gangan ne. Kowa ya zana ƙarshen labarin yadda yake so a takardarsa, ya tashi ya bayyana, sannan mu ga yadda marubucin ya ƙare nasa. Sau da yawa, wallahi, na yaran ya fi daɗi. Wani lokaci kuma in nuna wani ɗan kare da aka zana a gefen shafi, wanda labarin bai ko ambace shi ba, in ce shi zai ba mu labarin yau, me ya gani?

Wanda suka fi so shi ne na gizo. Mutanen nan suna da nasu gizon, Kwaku Ananse, littattafansa sun cika gari. Mu kuma muna da Gizo da Ƙoƙi. Sai in ce su haɗa su biyun a kasuwar Kejetia, kowa da buhun goro na bogi, wa zai cuci wani? Kada ku so ku ji dabarun da ke fitowa daga bakin 'yan shekara bakwai. Kuma a nan ne za ku yi mana dariyar da kuka saba, don za ku ji ana cewa "Ƙoƙi ya tafi, Ƙoƙi ya dawo." Hausarmu ta nan ba ta cika raba mace da namiji ba. Nakan gyara a hankali, amma ba a tsakiyar labari ba, don in ka katse yaro a kan "ta" da "ya" ba zai sake ɗaga hannu ba.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Manhajar firamare da aka fara aiki da ita a 2019 ta sa zurfin tunani da ƙirƙira cikin abubuwan da ake so yaro ya fita da su. Sai dai abin da ke takarda daban, aji mai cike da yara da littafi ɗaya tal daban. Farkon da na gwada, ko tari ba wanda ya yi. Duk sun zuba mini ido suna jiran in faɗi amsar su maimaita, don haka suka saba. Sai da na yi kuskure da gangan, na nuna saniya na ce raƙumi, aji ya kaure da "A'a Malama!", sannan bakinsu ya buɗe.

Na san abin da ke ƙarƙashin tambayarku, tsoron kada wannan ya kashe hadda. Bai taɓa ta ba. Makarantarmu tana ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da gwamnati ta kafa a 1987, ana boko ana Larabci, da yamma kuma yawancinsu suna gaban malaminsu na allo. Sun san bambancin sarai. Aya ba a ƙara mata ko wasali, yadda aka biya maka haka za ka mayar. Labarin akuya da yarinya kuwa na mutum ne, ana iya juya shi. Batun hoton kansa, akwai iyayen da ba su so 'ya'yansu su zana mutum ko dabba. Ba na jayayya da su, irin waɗannan yaran su zana gida da bishiya da hanya, sauran su faɗa da baki.

Abin da muka rasa shi ne littattafan hoto na Hausa. Nan ba a samun su, ni nake rubuta Hausar a ƙananan takardu in manna a ƙarƙashin Turancin. In kun samu masu manyan hotuna da rubutu kaɗan, ko tsofaffi ne, ku ba wani mai zuwa ya taho mana da su. A gaida Inna da mutanen gida duka.