Me ya rusa haɗin kan 'yan adawar Kwango a zaɓen 2018?

Malam, ka tambaya ko cin amana ne kawai ya sa yarjejeniyar da 'yan adawar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango suka ƙulla a Geneva ta wargaje kafin zaɓen 2018. A ganina, an gina ta ne tun farko a kan tubalin toka.

Ranar 11 ga Nuwamba, shugabannin adawa bakwai suka amince Martin Fayulu ya zama ɗan takararsu guda na shugaban ƙasa, domin karawa da Emmanuel Ramazani Shadary, wanda Shugaba Joseph Kabila ya tsayar. Sai dai Fayulu bai da jam'iyya mai ƙarfin UDPS ta Félix Tshisekedi, kuma ƙarfinsa ya dogara ne ga manyan 'yan adawa biyu, Jean-Pierre Bemba da Moïse Katumbi, waɗanda aka hana su tsayawa takara. Magoya bayan UDPS a Kinshasa, waɗanda suka kwashe shekaru suna gwagwarmaya a ƙarƙashin marigayi Étienne Tshisekedi, mahaifin Félix, ba su ga dalilin miƙa wa ƙaramar jam'iyya tutarsu ba, shi ya sa washegari Félix Tshisekedi da Vital Kamerhe, wani daga cikin shugabannin bakwai, suka janye sa hannunsu, daga baya suka kafa ƙawancen CACH a Nairobi.

Sauran suka ci gaba da mara wa Fayulu baya a ƙarƙashin ƙawancen Lamuka. Da aka yi zaɓe ranar 30 ga Disamba, hukumar zaɓe ta ce Tshisekedi ne ya lashe, amma majalisar limaman Katolika ta ce sakamakon bai dace da alkaluman masu sa idonta ba, Fayulu kuma ya ƙi amincewa da shi.