Amsa: Golf ɗina na zafi a cikin gari, amma lafiya lau a kan babbar hanya

Malam, ka ce tsohuwar Golf 3 ɗinka tana ɗaukar zafi idan ka shiga cunkoson Babbar Kasuwar Sakkwato, amma da ka hau hanyar Gusau sai allurar da ke nuna zafin inji ta sauko. Fankar lagireto ce ba ta tashi. A kan hanya iska ce ke sanyaya ruwan, a cunkoso kuwa fanka kaɗai ke wannan aikin. Ka tayar da motar a tsaye, ka buɗe bonet, ka jira allura ta haura 90. In fanka ba ta juya ba, a fara duba fiyus, sannan suwic ɗin da ke jikin lagireto. In mai waya ya haɗa ta kai tsaye da batir ta juya, to fankar lafiyarta ƙalau, kada a sa ka sayen sabuwa.

Sharaɗi ɗaya dai: in fanka na tashi amma zafin bai daina ba, leƙa gaban lagireton. Ƙurar hunturu takan toshe ramukansa har su yi kamar an yaɓa laka, ruwan rijiyar da muke ɗurawa kuma yana barin farin dattin da ke cushe shi ta ciki. A kai a wanke. Wani bakanike zai ce a cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi) kawai a huta; ni ban yarda da wannan ba, don ciwon yana nan, ga shan mai. Kuma don Allah kada ka buɗe murfin ruwa injin na da zafi, musamman a ranar Afrilu da ke wuce digiri 40. In allura ta taɓa ja, ka faka nan take, gasket ɗin kan inji, wanda zafi kan ƙona, gyaransa ya fi fanka tsada nesa ba kusa ba.