Ragowar allon MDF zai iya zama kiret ɗin ƙwai?

Tambaya: Ni kafinta ne a Kasuwar Katako, Jos. Guntayen MDF da garinsa sun cika mana shago, har wasunmu na ƙona su. Na ji ana mayar da su abin ƙunshe kaya mai ruɓewa. Gaskiya ne? Mu ma za mu iya?

Amsa: Malam, gaskiya ne ana ƙwato zaren MDF a sake amfani da shi, amma aikin ya fi ƙarfin shago ɗaya, kuma gam ne ya jawo haka.

MDF zaren itace ne da aka niƙa, aka cuɗa da gam na sinadaran yuriya da fomaldihaid, wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, aka matse da zafi. Itacen zai ruɓe a ƙasa, gam ɗin ne abin tsoro. Tun 2004 hukumar binciken cutar kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa fomaldihaid cikin abubuwan da ke jawo cutar. Saboda haka ku bar ƙonawar nan, kada kuma a ba mai tsire ko mai ƙyafe kifi ya hura wuta da shi.

Abin daɗin shi ne wannan gam ba ya jure ruwan zafi. Kai ma ka san yadda MDF ke kumbura in damina ta taɓa shi. Wannan raunin masana'antu ke bi: a ɓare fatar roba ko fentin da ke sama, a farfasa allon, a dafa da tururi har gam ya saki, a wanke zaren. Sai dai zaren gajere ne, mai tauri, ba ya kama juna kamar na takarda, dole a gauraya shi da jiƙaƙƙen tsohon kwali ko sitacin rogo kafin injin ya matse shi a mazubi a busar. Ruwan wankin ma ba a zubar da shi a kwata haka nan.

A ganina kiret ɗin ƙwai da abin tokare kaya cikin kwali su suka dace, musamman a Jos da gidajen kaji suka yi yawa. Mazubin abinci kuwa, irin wanda ake nema tun da Legas ta haramta na roba mai kumfa a 2024, a'a, sai an gwada a ɗakin bincike.

Ku haɗu a ƙungiyarku, ku ware guntayen da ba fenti, ku ajiye su a busasshen wuri, sannan ku nemi masu buga kiret su gwada kaɗan cikin kwalinsu.