Yawan wuta ba ya ƙarfafa waldar sitenles

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da nake rage wutar inji in za mu haɗa sitenles, wato ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, alhali a baƙin ƙarfe ƙarin wuta ke sa walda ta ci. To, saurara.

Sitenles yana riƙe zafi. Yadda zafi ke bazuwa a jikinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, don haka wutar da ka zuba duk a bakin haɗin take taruwa. Abin da ke kare shi daga tsatsa kuwa sinadarin kuromiyam ne, kashi 18 cikin 100 a nau'in sitenles mai lamba 304 da muka fi aiki da shi. In ƙarfen ya daɗe a zafin digiri 450 zuwa 850 a ma'aunin Salshiyos, sai kuromiyam ya haɗe da kabon, gefen waldar ya rasa kariya. Ranar da ka gama ba za ka ga komai ba. Amma kafa ƙofar nan a Lekki, iskar teku mai gishiri ta yi ta dukanta, tsatsa za ta bi gefen layin har ya tsage. Sunanka za a kira, ba na inji ba.

Da sandar walda mai kaurin milimita 2.5, fara daga amfiya 60 (ma'aunin ƙarfin wutar inji), kada ka haura 80. In sandar ta yi ja tun ba ta kai rabi ba, wuta ta yi yawa. Matso da bakinta kusa da ƙarfen, ka ja layi miƙaƙƙe da hanzari, ban da lilo hagu da dama. Bari ya huce kafin ka sake bi. Sannan ka dubi launi: ruwan gwal, madalla, shuɗi, ka fara wuce gona da iri, toka-toka mai duhu, ka ƙona shi.

Kada kuma tsoro ya sa ka rage fiye da kima, sai waldar ta kwanta a sama kamar tsutsa ba ta shiga ba. Nan Agege ma wutar NEPA hawa da sauka take yi, lambar jikin inji ba abin dogaro ba ce. Gwada a guntun ƙarfe tukuna.

Sanda 308L ta 304 ce. Aikin bakin ruwa ya fi son sitenles mai lamba 316 da sanda 316L, in kuma da baƙin ƙarfe za ka haɗa, ɗauko 309L. Burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe kada ya kusanci sitenles. Kuma don Allah ka kawar da fuskarka daga hayaƙin nan, yana lahanta huhu.