RAV4 ko CR-V, wacce za a saya?

Malam, kana tambaya tsakanin Toyota RAV4 da Honda CR-V 'yan Kwatano wacce za ka ɗauka. Ni dai RAV4 zan ce maka, ƙirar 2013 zuwa 2018 mai injin lita 2.5. Kayan gyaranta ba sa wuya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinta.

In kuma CR-V ɗin ce ta kwanta maka a rai, nemi ta 2012 zuwa 2014. CR-V 'yan Amurka daga 2015 giyarsu CVT ce, wato wata irin giyar otomatik mai aiki da bel, ba ta yarda da kowane mai sai nata. Na ga wadda aka ɗura wa man giya na gama-gari, tana fizga a kan titi kamar za ta shiɗe, sai da aka sauke giyar gaba ɗaya.